Kayan Amana a Ƙuryar Ɗaki

Mahaifinmu, Alhaji Shu'aibu mai shadda, bai taɓa auna yadi da tef ba, abin da mu a nan muke ce wa metir. Duk babbar kasuwar Garwa an san shi da wannan. Mai saye zai faɗi abin da yake so, Baba ya kama bakin yadi, ya ware hannuwansa biyu iyakar tsawonsu, ya ƙirga gaba biyu ko uku, ya sa almakashi. In tela ya je ya auna sai ya tarar daidai, har da ɗan ƙari na aljihu. Da wannan hannun ya ciyar da mu, kuma da shi yake tinƙaho fiye da yadda yake yi da mu 'ya'yansa.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi, taɓawa kaɗan. Ya yi 'yan makonni a asibiti ya tashi, bakinsa ya koma daidai, tafiyarsa ma haka. Abu ɗaya ne bai dawo ba: gwiwar hannunsa ta dama ta daina miƙewa har ƙarshe. Mu duk mun gani, shi ne kaɗai bai gani ba. Ya koma kasuwa ya ci gaba da ware hannu yana yanka, awon kuwa yana ragewa.

Yayana Ilyasu, wanda suke shago tare, shi ya shiga sake auna yadin da metir a bayan kanta kafin a miƙa wa mai shi. Ran nan Baba ya waiwaya ya kama shi yana yi. Bai tambaye shi dalili ba. Ya ɗauki butarsa ya dawo gida, kuma daga ranar bai sake taka kasuwa ba, bai sake yi wa Ilyasu magana ba. Kullum da safe Ilyasu zai zo ya durƙusa a bakin zaure ya gaishe shi, Baba ya amsa wa bango. Inna ta hana kowa ya faɗa masa gaskiyar hannun, wai likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Ni kam haushin su duka nake ji, uban da taurin kai, ɗan da ladabin da ya mayar da shi bebe. Ina kuma tsoron kada Baba ya mutu a haka, yana ganin ɗansa ya ɗauke shi ɓarawo.

A cikin wannan zaman doya da manja kwamfutata ta shigo maganar. Ni malamar kimiyya ce a lise, wato makarantar sakandare, ina da wata tsohuwar kwamfuta mai akwati da nake buga tambayoyin jarrabawa da ita a zaure. Sauran lokaci tana nan zaune kamar Baba. Maƙwabciyarmu Odette, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ita ta zo wata Asabar da labari. Iyayenta mutanen kudu ne amma a Garwa aka haife ta, Fulatancinta ya fi nawa, kuma da shi suke hira da Baba.

Ta ce wasu masu bincike a wata jami'a can ƙasar waje suna neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. Suna da lissafi mai yawan da injinansu ba za su gama ba ko da za su shekara ɗari. Sai suka yayyanka shi ƙanana-ƙanana, suna aika wa kwamfutocin mutane ta intanet. Duk wanda ya yarda, kwamfutarsa za ta karɓi yanki, ta yi aikin a lokacin da ba a amfani da ita, ta mayar, ta karɓi wani. Tata ta ofis an hana ta sakawa, shi ya sa ta tuna da tawa.

Baba yana kishingiɗe da carbi kamar ba ya jinmu. Can sai ya tambayi Odette me ake ba mai kwamfutar. Ta ce ba komai. Ya tambaya ko mutum ya san sauran masu yi. Ta ce a'a, suna ko'ina a duniya.

"To ai gayya ce," in ji shi. "Amma gayyar da ba a ga gona ba, ba a ga mai gona ba, ba kuma wanda ya dama kunu."

Muka yi dariya, shi bai yi ba, amma ya gyara zama. Rabona da in ji Baba ya yi tambaya tun ranar da ya bar kasuwa. Ranar kuwa sai da ya gajiyar da Odette. Ita kwamfutar ta san abin da take yi? Tana gajiya? In ta gama nata, wa ke haɗa shi da na wani? Da muka saka abin, wani curin zare mai launi-launi ya fito a fuskar kwamfutar yana juyawa a hankali. Odette ta ce siffar wani ɗan abu ce a jikin ƙwayar cutar, ana gwada magunguna dubbai a gani wanne zai shiga ya toshe shi. Baba ya matso da fuskarsa har numfashinsa yana taɓa gilashin. Zazzaɓin nan ya ɗauke masa 'ya'ya biyu kafin a haife ni, bai taɓa tsammanin zai ga kamanninsa ba. Da aka zo wurin rubuta sunan mai bayarwa, na buɗe baki zan faɗi nawa, ya ce a sa nasa.

Daga ranar kwamfutata ta tashi daga tawa. In na zo buga jarrabawa sai ya ce in yi sauri, ina tsare wa mutane aiki. Da Odette ta gaya masa kowane yanki yana da lokacin da ake so a mayar da shi, sai ya kaɗa kai ya ce to wannan ya wuce gayya, amana ce. Nan fa aka zo wurin.

A gidanmu amana tana da ɗakinta. Tun kakanmu, wanda ya zo daga wajen Kano ta Yola da jakai, fatake kan bar kayansu a hannunmu in za su Kuseri ko aikin hajji. Akwai wata ƙuryar ɗaki a bayan ɗakin Baba, ba taga, ƙofa ɗaya. Nan ake shigar da kayan mutane, a lulluɓe da bargo, a kulle. Ba a barin amana a zaure kowane mai wucewa yana kallo, kuma mai kayan in ya dawo ba ya kwance ɗaurin a gabanka, don yin haka zagi ne. Baba ya ce a kai kwamfutar can. Na ce tana buƙatar iska. Ya ce tun kafin a haifi uwata ake ajiye kaya a ɗakin nan, ba na wanda ya taɓa lalacewa. Na ja waya, na kai ta, ya kawo bargonsa mai kauri na zuwa Ngaundere, garin sanyi, ya rufe akwatin ruf, ya bar fuskar kawai don ya riƙa ganin zarensa.

Lokacin kuwa bazara ta kama. Wanda bai san zafin Garwa na watan Maris ba, sai dai a ba shi labari: ruwan randa ma ɗumi yake yi, ƙadangaru sukan buɗe baki a gindin bango. Kullum da safe in cire bargon kafin in tafi lise, in dawo in tarar ya koma. Na yi magana har na gaji. Inna ta ja ni gefe ta ce in rabu da shi, ba na ganin ya soma cinye tuwonsa? Gaskiyarta kuwa. Yana tashi da wuri, yana shiga ƙurya da makulli a aljihu, yana fitowa jiƙe da gumi yana ba Inna labarin an karɓi wancan an kawo wani. Ran da aka ɗauke wuta yini guda, da ƙafarsa ya je ƙofar gidan su Odette yana tambaya ko mutanen za su zaci ya gudu da kayansu. Wannan ce fitarsa ta farko da ba ta masallaci ba.

Ilyasu dai yana nan yana gaida bango. Wata safiya na ga yana leƙen ƙuryar daga nesa, ya tambaye ni a hankali wai me ke ciki da Baba yake yi wa murmushi. Na ce tsohuwar kwamfuta ce da ta fi shi iya magana. Bai ji daɗi ba, ni ma daga baya ban ji daɗin faɗa ba.

Wata Laraba da la'asar Odette ta shigo ta buɗe masa shafin da ke nuna ayyukan da ya mayar. Baba ba ya karanta boko sosai, amma idon ɗan kasuwa gare shi, ba ya wuce lamba. Ya ga kusa da kowane yanki nasa akwai lambar wata kwamfutar daban, ya sa yatsa ya tambaya. Odette, da zuciya ɗaya, ta ce ai kowane yanki gida biyu ake aika wa. In duka sun mayar sai a gwada amsoshin a ga ko sun zo ɗaya.

Na ga fuskar Baba ta sauya tun kafin ta rufe baki.

"Wato suna aunawa a bayana," ya ce.

Na ce ba shi kaɗai ba ne, kowa haka ake yi masa, ko shugaban jami'ar ne. Ya ce to wannan ya fi muni, mutanen da ba su yarda da kowa ba me ya kai su roƙon taimako? Shi da ya kwana da kayansu a ƙurya, ya rufe da bargonsa, ashe can an ba wani ya bi sawunsa. Ya ce in kashe ta. Na kashe, ya kulle ɗakin, ya koma kujerarsa da carbinsa. Odette ta fita kamar ta yi kuka, tana ta ba ni haƙuri a ƙofar gida.

Kwanakin da suka biyo baya ya sha kunu, tuwo ya koma dawowa da saura. Amma na san ubana. Fushi yana iya riƙe shi shekara, tambaya kuwa ba ta barinsa ya kwana biyu. Sai ya soma jefo mini su ɗaya-ɗaya, yana kallon wani wuri. Shi wancan ɗin da aka ba irin kayansa, ya san da shi? Na ce bai sani ba. Shi bai ji haushi ba? Na ce wataƙila ko a jikinsa. Musulmi ne? Na ce Allah kaɗai ya sani, yana iya zama wata tsohuwa ce a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Ya yi tsaki ya ce tsohuwa. Bayan sallar azahar kuma ya ce, to in amsa biyu suka saɓa, wa ake gaskatawa? Wannan na ce sai Odette.

Rannan da safe ya ce in kunna ta. Ba wai ya huce ba, a cewarsa, akwai sauran yanki a hannunsa, kuma ba a mayar da amana rabi. Tana gamawa shi da su har abada. Na kunna, ya ja bargo ya rufe, ya aika a ce wa Odette in ta taso aiki yana nemanta.

Ta zo da rana tsaka, ta gaishe shi a ɗarare. Muka shiga ƙuryar mu uku, zafi kamar gidan burodi. Ya maimaita tambayarsa. Ta ce in biyu suka saɓa sai a aika wa na uku, wanda bai san su ba, duk wanda amsarsa ta zo ɗaya da tasa shi ke da gaskiya. Baba ya jinjina kai, da alama tsarin ya ɗan burge shi duk da ba ya so. Sai ya ce, nasa ya taɓa saɓawa da na wani?

Odette ta dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa, don ban sani ba, amma jikina ya ba ni. Ta ja shafin ƙasa a hankali. Na farko-farko duk lafiya. Daga inda zafi ya tsananta sai ga jan rubutu, nan ɗaya, can biyu, daga baya har sun fi masu kyau yawa. Ta karanta masa kalmar da Faransanci, ta fassara: ba a karɓa ba. Sauran biyun sun zo ɗaya, nasa ne ya fita daban.

Ya ce haɗa baki suka yi. Ta ce ba su san juna ba, ba su san shi ba, ba su ma san akwai wani gari Garwa ba. Sai ta ce, "Baaba, kawo hannunka." Ta ɗaga gefen bargon ta ɗora tafinsa na hagu a jikin akwatin. Ya fizge da sauri, ƙarfen ya yi zafi kamar murfin tukunya. Ta bayyana masa cewa in zafi ya yi mata yawa takan yi tuntuɓe a lissafi, lamba ɗaya ta zame a cikin miliyoyi, ta ci gaba da aiki a kan kuskuren har ta gama ta miƙa.

"Ita ba ta sani ba?"

"Ba ta sani ba, Baaba. A wurinta daidai ta yi."

"Da ba a auna bayanta ba fa?"

Odette ta ce da sai a ɗauki kuskuren a matsayin gaskiya. Wataƙila a jefar da maganin da zai yi aiki, ko a ɓata shekaru ana bin wanda ba zai yi ba.

Baba ya daɗe yana kallon zaren nan yana juyawa. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa ba sai ranar, kuma ta ba ni tausayi fiye da fushinsa. Bai yi musu ba. Ya sa hannu ya yaye bargon da kansa, ya kama bakinsa biyu zai ninke, ya ware hannuwa kamar yadda ya saba yi wa yadi. A nan ya tsaya. Hannun hagu ya tafi sambal, na dama ya tsaya a lanƙwashe, bargon ya yi ciki a tsakani. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya sake gwadawa da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta fito, gwiwar ba ta ƙara ko kaɗan ba.

"Lauratu, miƙar min da hannun nan."

Na kama na ja a hankali. Ya ce in ja da gaske. Na ja, ya ƙi, idona ya cika da hawaye. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun asibiti. Ya tambaya ko kowa ya sani, na ce kowa. Odette ta sulale ta fita ba sallama. Shi kuma ya ajiye bargon a ƙasa ba tare da ya ninke ba, ya ce a mayar da kwamfutar zaure a sa mata fanka, a bar ƙofa a buɗe. Har yamma Inna tana ta hararata kamar ni na lanƙwasa hannun.

Washegari Ilyasu ya zo ya durƙusa a inda ya saba, ya yi gaisuwa yana shirin tashi. Baba ya juyo ya dube shi ya amsa. Ilyasu ya rasa inda zai sa kansa, ya koma ya durƙusa. Ina tsaye a bayan labule da kofin shayi, ban kuma yi niyyar matsawa ba.

Baba bai ba shi haƙuri ba, ba a yi shi da wannan ba. Tambaya ya yi: daga komawarsa kasuwa zuwa ranar da Ilyasu ya fara sake awo, tsawon wane lokaci ne? Ilyasu ya yi ta kame-kame, Baba ya ce ya faɗa. Ya ce shi ma bai lura da wuri ba, sai da tela Youssouf ya zo a ɓoye ya ce shaddar da ya saya ba ta kai hannun riga ba. Tsakanin kuwa har da kasuwar ƙaramar salla, lokacin da Baba ke yanka tun safe har magariba.

Baba ya rufe ido. Ya ce su wa da wa. Ilyasu ya soma lissafa waɗanda ya tuna, telolin unguwarmu, wasu mata daga Yelwa, wani malami da ya saya wa ɗalibansa. Baba ya ce waɗanda bai tuna ba fa, mutanen Bibemi da na ƙauyuka da ke zuwa sau ɗaya a shekara? Na ga hawaye ya gangaro cikin gemun Baba, bai share ba.

Can ya miƙe ya sa hularsa. Ya ce Ilyasu ya je shago ya ɗauko bandir ɗin shadda da almakashi, za su fara da gidan Youssouf, su bi sauran ɗaya bayan ɗaya iyakar waɗanda za a samu. Ilyasu ya kai bakin ƙofa Baba ya kira shi, ya ce kada ya manta da metir ɗin.

"Ni zan riƙe baki," ya ce. "Kai ka auna."